Zaɓen Jami'a Don Koyon Ostiyofati

Wani malamin makaranta, wanda ya daɗe yana karanta wannan jarida, ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ya ce ɗansa na fari ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya kuwa ƙwallafa rai a kan wani ilmi da ake kira ostiyofati, har ya samo takardun wata makaranta ta Ingila. Malamin ya ce shi dai abin da ya fahimta, yaron zai tafi ya komo likitan ƙashi, irin waɗanda ake gani a asibitin Dala. Saboda haka yana shirin ya sayar da gonar da ya gada, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya biya kuɗin shekarar farko. Tambayarsa guda ce, wace jami'a ta fi?

Mun ga ya fi kyau mu ba da amsa a fili, domin malamai da akawuna su ne waɗanda iyaye kan kawo wa irin waɗannan takardu su karanta musu, abin da suka faɗa kuwa da shi akan yi aiki. Amma kafin a zo ga jami'a, akwai wata tambaya da ta riga ta, watau wane irin aiki ne takardar za ta ba yaron ikon yi, kuma a wace ƙasa.

Sai mu fara da sunan, don daga nan ruɗanin ya taso. Mutanenmu sun san sana'o'i uku masu ma'amala da ƙashi. Akwai ɗori, wanda maɗori kan gada wurin ubansa, ya ja karaya ya daidaita ta, ya ɗaure da kara. Akwai aikin likitan ƙashi, irin na asibitin Dala da aka buɗe a Kano a 1959. Shi wannan cikakken likita ne, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙara shekaru yana koyon fiɗa, shi ne mai sa ƙarfe a cinyar da ta karye. Akwai kuma gashin ƙashi, inda ake koya wa wanda ya shanye ko ya yi haɗari motsa gaɓoɓinsa har ya koma tafiya. Ostiyofati daban yake da duka ukun nan, ko da yake ya fi kusa da na ƙarshen. Kalmar daga harshen mutanen Girka aka haɗa ta, da sunan ƙashi da sunan ciwo. Mai wannan sana'a da hannuwansa yake aiki, ya lalubi tsoka da gaɓoɓi da ƙashin baya, ya gano inda ya ƙage, ya tausa, ya miƙar, ya lanƙwasa, wani lokaci ya fizgi gaɓa har a ji ta yi ƙas. Ba a kai masa karaya.

Wanda ya ƙago wannan ilmi wani Ba'amurke ne, Andrew Taylor Still, an haife shi a jihar Virginia a 1828. Ubansa mai wa'azi ne kuma mai ba da magani, a wurinsa ya koyi likitanci, kamar yadda akan yi a wancan zamani. A 1864 sanƙarau ya shiga gidansa ya kashe yara uku, yana ji yana gani, ba abin da likitoci suka iya. Magungunan lokacin kuwa, irin su zaiba da tsaga don zub da jini, sau da yawa sun fi cutar ɓarna. Abin ya tsaya masa a rai. A 1874 ya fito da ra'ayinsa, cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da gaɓoɓi suke tasowa, su tauye jini da jijiyoyi, in an daidaita su jiki zai warkar da kansa. Ya yi ta yawo garuruwan jihar Misuri yana kiran kansa maɗori mai saurin walƙiya, har a 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville da 'yan ɗalibai kaɗan, cikinsu har da mata, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ya rasu a 1917. Makarantar tana nan har yau, ta zama jami'a mai sunansa.

To, daga wannan tushe reshe biyu suka fita, kowanne ya kama gabansa, har yau kusan suna ne kaɗai ya haɗa su.

Reshen Amurka

A Amurka almajiran Still ba su tsaya inda ya bar su ba. A 1910 wani malami, Abraham Flexner, ya fitar da rahoton zagayen da ya yi wa makarantun likita na ƙasar, cikinsu har da na ostiyofati guda 8, bai kuwa yaba wa ko ɗaya daga cikin takwas ɗin ba. Daga nan sannu a hankali suka shiga gyara, suka karɓi ilmin ƙwayoyin cuta, da na magunguna, da fiɗa, har karatunsu ya zama daidai da na sauran likitoci. Jihohi suka riƙa ba su cikakken lasin ɗaya bayan ɗaya. Yanzu wanda ya gama irin wannan makaranta a Amurka ana ba shi digirin da ake taƙaitawa D.O., cikakken likita ne a dukan jihohi 50, yana rubuta magani, yana karɓar haihuwa, yana fiɗa in ya ƙware a kanta. Aikin hannu irin na Still ya zama ɗan ƙari, kamar awa 200 a cikin shekara 4, da yawansu ma in sun fara aiki ba su cika taɓa shi ba. Makarantun nan sun haura 40, kusan rubu'in dukan masu karatun likita a Amurka a cikinsu suke. Tun 2020 kuwa hukuma ɗaya ce ke duba horon ƙwarewa na asibiti, da nasu da na sauran likitoci.

Akwai wani labari na jihar California wanda ya kamata mai zaɓen makaranta ya sani. A 1962 aka yi yarjejeniya a jihar, aka ce duk mai D.O. ya kawo dala 65 a musanya masa da M.D., digirin sauran likitoci. Kimanin mutum 2,000 suka karɓa, makarantar ostiyofati ta Los Angeles ta koma makarantar likita ta yau da kullum, aka kuma daina ba sababbin masu D.O. lasin a jihar. Sai a 1974 babban kotun jihar ya soke wannan hani. Mutanen nan ilminsu bai ƙaru ba, bai ragu ba, daren da aka sauya musu takarda. Doka ce ta ɗaga wasu ta danne wasu. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da muke son faɗa.

Amma fa hanyar Amurka doguwa ce, mai tsada kuma. Ba a shiga daga sakandare. Sai mutum ya fara samun digirin farko na shekara 4, da darussan kimiyya da aka ƙayyade, galibin makarantun kuwa suna son a yi waɗannan darussa a Amurka ko Kanada. Sa'an nan ya ci jarrabawar shiga da ake kira MCAT, ya yi shekara 4 a makarantar, ya ci jarrabawar lasin, ya ƙara aƙalla shekara 3 na horo a asibiti. Kuɗin makaranta a da yawa daga cikinsu ya wuce dala 50,000 a shekara, ban da ci da kwana, wasunsu kuma ba sa ɗaukar baƙi sam. Abin dubawa a nan shi ne ko hukumar tantancewa da ake kira COCA ta amince da makarantar. Tsofaffi irin na Kirksville, da Des Moines ta 1898, da Philadelphia ta 1899, da ta Jami'ar Jihar Michigan, duk suna ƙarƙashinta.

Reshen Turai

Wani mutumin Scotland, John Martin Littlejohn, ya yi karatu a wurin Still, ya koma Birtaniya, ya buɗe makarantar ostiyofati ta farko a Landan a 1917. Wannan reshe bai bi hanyar likitanci ba, ya tsaya ga aikin hannu. Shekaru da dama kowa na iya rataya allo a ƙofarsa ya ce shi mai ostiyofati ne, sai a 1993 Majalisar Birtaniya ta yi doka, aka kafa majalisar rajista mai suna General Osteopathic Council. Tun shekarar 2000 laifi ne mutum ya kira kansa da wannan suna a Birtaniya in ba ya cikin rajistar. Waɗanda ke cikinta sun haura 5,000, yawancinsu kuwa masu zaman kansu ne, mara lafiya ke biyansu daga aljihunsa.

Karatun a can shekara 4 ne ga mai yi ba katsewa, ana shiga daga babbar sakandare, ana son ilmin halittu a cikin darussan da aka ci. Ana koyon ƙirar jiki sosai, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da alamun cututtuka, ana kuma bukatar ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 yana duba marasa lafiya a gaban malami. Karatu ne na gaske, ba mu raina shi ba. Sai dai wanda ya gama shi ba likita ba ne. Ba ya rubuta magani, ba ya fiɗa, in ya je Amurka ma takardarsa ba ta ba shi matsayin mai D.O. na can.

Abin da mai nema zai fara yi shi ne ya duba jerin kwasa-kwasan da majalisar nan ta amince da su, tana buga shi a shafinta na intanet, kowa na iya gani kyauta. Kwas ɗin ake amincewa da shi, saboda haka girman sunan jami'ar ba ya wadatarwa. Jami'ar Swansea ta ƙasar Wales tana koyar da shi. Tsohuwar makarantar Littlejohn ta sauya suna a 2017, a 2024 kuma ta haɗu da wata kwaleji suka zama Health Sciences University. Jami'ar Oxford Brookes ta taɓa koyar da shi, daga baya ta rufe kwas ɗin. Wannan yawan sauyi ya isa ya nuna cewa takardar talla da aka buga shekara biyar da suka wuce ba abin dogara ba ce. Akwai kuma ƙananan makarantu waɗanda su ke koyarwa, amma wata jami'a ce dabam ke ba da digirin, sai a tambaya a ji sunan wa zai fito a jikin takardar, da abin da za a yi da ɗalibi in an rufe kwas yana tsakiyar karatu.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda hanyarsu ta karatu ta fi miƙewa zuwa Faransa, su ma suna da nasu abin lura. Faransa ta amince da wannan suna a dokar 2002, a 2014 ta ƙayyade karatun shekara 5, awa 4,860, daga ciki 1,500 na duba marasa lafiya. Makarantun galibi na kuɗi ne masu zaman kansu, Ma'aikatar Lafiya ke ba su izini na wa'adi, tana iya ƙin sabuntawa. Masu sana'ar a Faransa sun haura 30,000, har sababbin fitowa suna kukan rashin masu zuwa, inshorar lafiya ta gwamnati kuwa ba ta biyan kuɗin aikinsu. Ga kuma wani tarko. Takardar da makarantun Faransa ke bayarwa ita ma D.O. ake taƙaita ta, alhali kuwa D ɗin can difloma yake nufi, na Amurka kuwa dakta. Baƙaƙen iri ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane.

Ma'aunin da za a riƙe

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin horon ostiyofati. Ta ce wanda bai taɓa karatun aikin lafiya ba yana bukatar kamar awa 4,200, daga ciki aƙalla 1,000 a gaban marasa lafiya ƙarƙashin kulawar malami. Wanda kuwa ya riga ya zama ma'aikacin lafiya ana iya rage masa, gwargwadon abin da ya sani. Da wannan ma'auni malami zai iya auna kowace takardar talla da aka kawo masa. Akwai masu sayar da difloma ta intanet, su ce wata shida ko shekara guda an gama, har su ƙara da laƙabin dakta. Sana'ar da dukanta a tafin hannu take, yaya za a koye ta ba a taɓa jikin mutum ba? Biyan irin waɗannan cinikin biri a sama ne.

Akwai wata alama kuma da ba a rubuta ta a ma'auni, amma mu muna ganin ta fi sauran nauyi, watau abin da makaranta ke cewa sana'ar tana warkarwa. Ra'ayin Still na cewa yawancin cuta daga gocewar ƙashi take, bincike bai gaskata shi ba. Sanƙarau ɗin da ya kashe yaransa ma ƙwayar cuta ke kawo shi, da allurar rigakafi ake tare shi, da magani ake kashe shi. Inda aka sami shaida mai ɗan ƙarfi shi ne ciwon baya. Hukumar da ke tsara ka'idojin jiyya a Ingila, a jagorarta ta 2016, ta yarda a yi aikin hannu ga mai ciwon baya, amma da sharaɗin a haɗa shi da motsa jiki. Ciwon wuya da na kafaɗa shaidarsu ba ta kai wannan ba. Amma asma, da ciwon cikin jarirai, da ciwon mara, ba a sami shaida mai kyau ba cewa tausa na warkar da su. Haka nan dabarar lallatsa ƙoƙon kai da wani almajirin Still, William Sutherland, ya ƙago. Makarantar da ta cika takardarta da alkawarin warkar da kowace cuta, a yi hattara da ita.

Makaranta ta ƙwarai ita ce mai koya wa ɗalibi lokacin da zai janye hannunsa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a ƙasarmu ba kowane ciwon baya ne na gajiya ko ɗaukar kaya ba. Tarin fuka kan shiga ƙashin baya ya cinye shi, ciwon daji kan yaɗu zuwa can, mai amosanin jini kan sami lalacewar kan ƙashin cinya. Wanda ya danne irin wannan baya da ƙarfi yana iya gurgunta mutum har abada. Saboda haka a tambayi makaranta, asibitin koyarwarta nata ne ko na aro, marasa lafiya nawa ɗalibi kan duba da kansa kafin ya fita, ɗalibi nawa ke gaban malami guda, su wane ne kuma ke koyar da gane cututtuka.

In an komo gida

Yawancin iyaye suna tura yaro ne don ya komo ya yi aiki a gida, a nan kuwa takardar Landan ko ta Paris ba ta isa ita kaɗai. A Nijeriya dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar da ake kira MRTB, mai yi wa masu gashin ƙashi da 'yan'uwan sana'arsu rajista, ostiyofati kuwa yana cikin sana'o'in da aka lissafa mata. Rajistar likita kuma tana hannun Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Kafin a biya ko kwabo, sai a rubuta wa hukumomin nan biyu, a faɗi sunan makarantar da sunan digirin daidai yadda yake a takarda, a tambaya ko za a yi wa mai shi rajista, da wane suna, bayan wace jarrabawa. A nemi amsar a rubuce, a adana ta. Maganar baka ta wani ma'aikaci a bakin ƙofa ba ta tsayawa shaida bayan shekara huɗu.

Sa'an nan a yi tunanin abinci. A Birtaniya da Faransa mai wannan sana'a daga aljihun masu zuwa wurinsa yake ci. Mutanenmu kuwa in baya ya ƙage, wanzami da maɗori da mai tausa suna kusa, kuɗinsu kaɗan. In abin ya yi tsanani sai asibitin gwamnati. Wanda zai komo da wannan takarda ya san cewa mai yiwuwa shi zai kama haya, ya sayi gado, ya jira masu zuwa.

Mu dai a namu gani, yaro mai sha'awar warkarwa da hannu, wanda ubansa ma'aikaci ne mai albashi, ya fi masa ya fara da gashin ƙashi a gida. Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi a matsayin digiri tun 1966, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana koyarwa, takardar kuwa sananniya ce a asibitocinmu. In ya yi aiki shekara biyu ko uku, ya ga har yanzu ransa na ga ostiyofati, sai ya nemi gajeren kwas irin wanda ake yi wa ma'aikatan lafiya a Birtaniya ko Faransa, ya tafi da kuɗin guminsa, ya kuma san abin da ya je nema. In kuwa likitan ƙashi yake son zama, hanyarsa makarantar likita ce, sa'an nan horon fiɗa a asibiti irin na Dala.

Malam mai takarda, ga amsarka. Makarantar da ɗanka ya samo ta reshen Turai ce, in ya gama ta zai zama gwanin aikin hannu mai rajista a Birtaniya, muddin kwas ɗin yana cikin jerin majalisar can, amma ba zai komo likitan ƙashi ba. Ka zaunar da shi ka tambaye shi ko ya san haka. In ya sani, kuma shi yake so, ku rubuta wasiƙun nan biyu tare, ku jira amsa. Gonar kuwa a bar ta tukuna, a shuka ta bana.